Layin da Idris Ya Karanto Daga Zaure

Mahamud ya rasu a farkon bazara bayan 'yar gajeriyar jinya, ya bar matarsa Zakiyya da 'ya'ya mata biyu da tsohuwarsa Hajja a gidansu na gado da ke cikin Birnin Damagaram. Ranar addu'ar bakwai, cikin masu zuwa gaisuwa har da Alhaji Yakuba, mai biro, wato ofishin da Zakiyya ke wa aiki. Ƙaramin biro ne a Sabon Gari, na masu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse. Aikin Zakiyya a can zanen taswira ne. Masu awo su shiga daji su gano inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa, su kawo mata lambobi, ita kuma ta ɗora ɗigo a kan taswira ta nuna wa masu motar haƙa inda za su kafa ƙarfe. Wanda ya san Damagaram ya san wannan ba aikin wasa ba ne. Dutse ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙasar, sai ka samu ruwa a nan, ka matsa kaɗan ka haƙa har ƙarfenka ya ƙare ba ka ga ko laima ba.

Alhaji Yakuba ya yi doguwar addu'a a ƙofar gida, sannan ya aika wa Zakiyya ta bakin Hajja cewa kujerarta tana nan tana jiranta. Ya ƙara da cewa sai dai fa aikin rijiyoyin ƙasar Zermu ba zai jira ba. Mutum ne da ya iya haɗa ta'aziyya da tuni a numfashi ɗaya, kuma ba ya jin ya yi wani abu.

Zakiyya ta shiga takaba, wata huɗu da 'yan kwanaki ba fita. Akwai malaman da suka ce mai takaba tana iya fita neman abin da za ta ci, amma Hajja ba a wurin waɗannan malaman ta yi karatu ba. Ga shi kuma yanzu aikin nan shi ne tukunyar gidan gaba ɗaya. Matsalar ita ce manhajar zanen taswira tana kan babbar kwamfutar biro kaɗai. Tsohuwar kwamfutar cinya da Mahamud ya bari ba za ta iya ɗaukarta ba, ga ta da tsagewa a kusurwar fuska tun ranar da ƙaramar yarinyar ta hau kanta.

Shi ya sa aka turo Idris, mai kula da na'urorin biro. Da yake namiji ne, ba ya shiga wurin mai takaba, a zaure aka shimfiɗa masa tabarma. Hajja ce ta riƙa kai kwamfutar tana dawowa da ita, riƙe da hannu biyu kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. A zaure komai ya yi daidai. Da aka kai ɗaki sai taga ta buɗe da faɗi, rabin abin da ake bukata ya faɗa cikin tsagewar, ga rezo, wato sadarwar waya, ba ta ratsa katangar ƙasa sai da ƙyar.

Idris ya ɗaga murya daga zaure. "Madam, bar maɓallan nan. Buɗe baƙar tagar da na nuna wa Hajja, zan karanto miki layi ki rubuta."

"Wace baƙar taga?" in ji Zakiyya daga bakin ƙofar ɗaki.

"Wadda ba komai a cikinta, sai ɗan ɗigo yana ƙyaftawa."

Ya riƙa karantowa harafi harafi, tana bugawa, Hajja a tsakar gida tana maimaita abin da ya faɗa da ƙarfi ko da yake kowa ya riga ya ji. A ƙarshe ga abin da ya fito:

mstsc biro.rdp /v:taswira /w:1024 /h:600

Ya yi mata bayani dalla-dalla. Kalmar farko ita ce mai kiran na'urar nesa. Ta biyu fayil ne da ya shirya, inda ya cire hoton bango da sauti da yawan launi don kada su cinye rezo. Abin da ke bayan v sunan kwamfutar biro ne, w faɗin taga, h tsawonta. Ranar da ta ga abin yana jan ƙafa, ta rage lambobin biyu. Zakiyya ta danna, ta saka kalmar sirrinta, sai ga teburinta na biro a kan cinyarta, fayilolinta jere yadda ta bar su ranar da aka kira ta asibiti. Ba ta yi zaton abin zai taɓa ta ba, amma sai da ta share hawaye.

"Ya buɗe?" in ji Idris.

"Ya buɗe. Allah ya saka da alheri."

Hajja ta leƙa fuskar na'urar, ta ce ita dai ba ta ga biro ba, amma tunda ba a fita ba, ba ta da magana.

Haka aka yi makonni. Da safe Zakiyya ta sallami yara zuwa lakwal, wato makaranta, ta zauna a kan tabarma da farin mayafinta, ta buga layin. Har ta haddace shi, yatsunta na bugawa tana amsa gaisuwar masu zuwa ta'aziyya. In an ɗauke wuta ta jira, in rezo ya yi rauni ta rage taga har ta koma kamar tafin hannu. Aikin yana tafiya, amma a hankali, kuma Alhaji Yakuba ba ya cikin masu son a hankali.

Wata safiya ta buga layin, maimakon teburinta sai ga saƙo da Faransanci: akwai wani a kan na'urar, in ta ci gaba za a fitar da shi. Ta ɗauka Idris ne yake gyara, ta danna ci gaba. Na'urar ta ce ana tambayar wancan ko ya yarda. Bayan ɗan jim amsa ta dawo, bai yarda ba.

Ta kira Idris a waya. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi yara, ya tambayi ƙafar Hajja, ya ba ta labarin matarsa ta kusa haihuwa. Sai da ta ce, "Idris, wa ke kan kujerata?" sannan ya sauke murya.

"Wata yarinya ce patron Alhaji ya kawo, Wasila. Bana ta gama karatu. Ya ce ita da safe, ke da yamma." Sannan ya ƙarasa. "Aikin Zermu ma ya ce a maida shi wurinta. Ke ki riƙa gyara tsofaffin fayiloli."

Zakiyya ta ji kamar an zare mata tabarma tana zaune. Shekara da shekaru tana wannan aiki, ta san abin da ake nufi da gyaran tsofaffin fayiloli. Shi ake ba mutum kafin a ce masa Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Idris yaron kirki ne, kuma kirkinsa yakan riga hankalinsa fita. Da la'asar sai ga saƙonsa a waya, wani layi ne dabam:

mstsc /v:taswira /shadow:1 /noConsentPrompt

Ya biyo da kira. Ya ce wannan ba ya fitar da kowa. Kalma ta uku tana sa ta ga duk abin da mai zaune a kujerar yake gani, kamar tana tsaye a bayansa. Kalmar ƙarshe kuwa ita ke hana na'ura tambayar mutumin ko ya yarda, ba zai ma san an shigo ba. In kuma aka ƙara /control, har hannu za ta iya sawa ta motsa kibiya. Ya ce shi ya buɗe mata wannan hanyar da kansa, don ta san abin da ake yi da aikinta.

"Amma Madam, don girman Allah. In patron ya ji, ni zan riga ki fita daga biron nan."

"Shiga gidan mutane ba sallama ke nan fa, Idris."

"Ai gidanki ne," in ji shi.

Ta ce ba za ta yi ba. Washegari da hantsi ta yi.

Kar a ɓoye gaskiya, kwanakin farko daɗi ta ji. Tana zaune a ɗakinta tana kallon kibiyar Wasila tana yawo a fuskar na'ura, ta je nan ta dawo, ta buɗe abin da bai kamata ba, ta rufe da sauri. Abin da Zakiyya ke yi kafin shayi ya huce, yarinyar sai ta kai azahar a kansa. Zakiyya har tsaki take yi ita kaɗai, tana cewa a ranta, to Alhaji, ga arahar taka nan. Wani lokaci kuma kibiyar ta tsaya cik na tsawon lokaci, sai yarinyar ta buɗe shafin bincike ta rubuta tambaya irin ta ɗan koyo, ta goge, ta sake rubutawa. A irin wannan lokacin Zakiyya takan ji kunya ta rufe.

Ana cikin haka Wasila ta iso kan wani ƙauye a ƙasar Zermu, Garin Ɗanƙarami. Zakiyya ta san garin, ta taɓa bin masu awo can. Shekarun baya ruwan sama ya ci gidajensu, suka tashi gaba ɗaya suka koma kan tudu, suka tafi da sunan garinsu kamar yadda mutanenmu ke yi. Tsohon wurin ya zama kufai. A kwamfutar biro kuwa akwai awo biyu da sunan nan ɗaya: tsohon da aka yi a kufai aka bar shi saboda dutse, da sabon da aka yi a gindin tudun. Ba wanda ya taɓa goge tsohon, domin Zakiyya ta sani, kuma ba a taɓa tunanin wata za ta zauna a wurin ba. Tana kallo Wasila ta ɗauki na farkon da ta gani, ta ɗora ɗigo a tsakiyar kufai, ta yi masa ja mai kyau, ta adana. A saman takardar an rubuta cewa gobe motar haƙa za ta tashi.

Zakiyya ta rufe kwamfutar ta fita tsakar gida.

Ta ɗora tukunya. Lissafin a fili yake, ba sai an yi karatu ba. In ta yi shiru, za a haƙa a kufai, ƙarfe ya ci dutse, a dawo hannu wofi, Alhaji Yakuba ya gane cewa kujerar nan ba ta kowa da kowa ba ce. Amma masu ba biro aikin, rami ɗaya suka yarda da shi a kowane gari, in ya bushe sun wuce gaba, sai kuma wata shekarar in ana raye. Ta tuna matan garin da ta gani suna gangarowa daga tudu da jarkoki tun rana ba ta yi zafi ba. To ta kira Alhaji ta gaya masa mana? Tambayarsa ta farko ita ce yaya aka yi ta gani, tunda an ɗauke aikin daga hannunta, kuma amsar sunan Idris ce.

Hajja tana zaune a inuwa tana jan carbi, ta dube ta. "Ke, miyar nan sau nawa za ki sa mata gishiri?"

"Hajja, in mutum ya ga wani zai faɗa rami, kuma faɗawar tasa ita ce gyaranka fa?"

Hajja ta ce, "Ni ban san zancen biro ba. Ki dai sauke tukunyar kafin ki kashe mu."

Zakiyya ta ji haushin yarinyar, ta ji haushin Alhaji, ta ji haushin Mahamud ma da ya tafi ya bar ta da irin wannan zaɓi, sannan ta yi istigfari. Ta wanke hannu ta koma ɗaki. Ta buɗe baƙar taga, ta kira layin leƙen, ta danna maɓallin gogewa har kalmar ƙarshe ta ɓace, ta rubuta /control a madadinta. Wannan karon na'ura ta ce ana tambayar mai kujera. Zakiyya ta nemi lambar biro ta kira.

Wata siririyar murya ta ɗauka. Zakiyya ta ce, "Wasila ce? Zakiyya ce ke magana. Dubi fuskar na'urarki, ki danna kin yarda."

"Tanti Zakiyya? Ina wuni, ya haƙuri? Wallahi na so in zo gaisuwa, kunya ce ta..."

"Haƙuri sai ma'abocinsa. Danna."

Ta danna. Zakiyya ta karɓi kibiyar, ta buɗe taswirar, ta ɗora hoton sama a kanta. "Me kike gani a inda kika sa ɗigonki?"

"Fili ne, Tanti."

"Ina gidaje?"

Zakiyya ta ja taswirar zuwa gabas har rufin gidaje suka bayyana a kan tudu. Ta ji numfashin yarinyar ya canja a waya.

"Innalillahi. Na shiga uku. Gobe fa za su tafi da ita."

"Ba ki shiga ko ɗaya ba. Saki kuka, kama aiki. Buɗe awo na biyu, ki dubi shekarar da aka yi shi."

Ba ta gyara mata da hannunta ba, sai ta sa ta yi da kanta, don gobe ma akwai wani garin da ya tashi. Ta nuna mata yadda ake duba shekara kafin a duba suna, da yadda ake gwada kowane ɗigo da hoton sama. Suka bi sauran ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya har aka kira la'asar. Yarinyar tana da kai, wannan kam Zakiyya ta gani, kuma ganin bai yi mata daɗi ba.

Can Wasila ta ce, "Tanti, yaya kika san na yi kuskure?"

"Leƙe na yi miki, kwana da kwanaki. Ki yafe ni. Kuma ki riƙe bakinki. In patron ya ji, Idris ne zai tafi, matarsa kuwa ko yau ko gobe."

"To in ya tambaye ni wa ya gano?"

"Ke kika gano."

Daga ranar Wasila ce ke kira. Kusan kullum da hantsi sai waya ta yi ƙara, Zakiyya ta buga layin, yarinyar ta danna ta yarda, su yi aiki tare. Kibiyar da a da take yawo ta fara tafiya kai tsaye. Kiran ya riƙa raguwa, daga kullum ya koma jefi-jefi, daga nan sai na gaisuwa kawai.

Takaba ta ƙare damina ta kankama. Zakiyya ta yi wanka, ta yi kitso, ta zaga dangi, aka yi sadaka. Ranar Litinin ta ɗaura atamfarta, ta hau ɗan kabu-kabu zuwa Sabon Gari. Hasken titi har yana kashe mata ido.

Tana shiga biro Wasila ta miƙe tsaye daga kujerar, ta rasa inda za ta sa hannunta. Idris ya gaishe ta kansa a ƙasa, ya ce an samu namiji. Ba ta kai ga ajiye jaka ba Alhaji Yakuba ya kira ta ofishinsa, ya bar ƙofar a buɗe.

Ya yi wa Mahamud addu'a, doguwa kamar waccan. Sannan ya gyara zama ya ce aikin Zermu ya yi kyau ƙwarai, masu ba da aiki har sun yaba. "Yarinyar nan ta ba ni mamaki, Zakiyya. Kin san Garin Ɗanƙarami ya tashi daga inda yake? Ni kaina na manta. Ita kaɗai ta gano, ana gobe za a tafi. Da yanzu mun haƙa a kufai mun ji kunya." Ya buɗe hannuwa. "To kin ga yadda abin yake. Na'ura ɗaya ce, kujera ɗaya. Ke kuma ga yara, ga tsohuwa, ga jiki bai gama dawowa ba. Ki ɗan huta tukuna. In aiki ya ƙaru, ke za mu fara nema."

Maganar tana kan harshenta, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Ta juya kai kaɗan. Ta ƙofar tana hango Idris ya sunkuya a kan wata waya da ba ta lalace ba yana ta murɗa ta, Wasila kuma tana tsaye har yanzu, ba ta zauna ba, idonta ya cika. Zakiyya ta ji tsoro sosai, tsoron watan gobe da na jibi.

Alhaji ya ce, "Ko kina da magana?"

Ta ce, "Ruwan da aka samu a garin, yana da yawa?"

"Sosai. Sun ce har na maƙwabta suna zuwa ɗiba."

"Alhamdu lillahi," in ji Zakiyya.

Ta ɗauki jakarta ta fito. Da ta zo daidai Wasila ta tsaya, ta dafa kafaɗarta, ta danna ta a hankali har sai da ta zauna.